Zalɓen Malam Kallamu Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Kallamu ɗan Goni Madu, mai rubutu da zayyana a unguwar Barebari ta kusa da Tofa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da malaman Dawakin Tofa, da duk wanda ya taɓa kawo mini allo ko takarda, rasuwar abokin aikina kuma dattijon gidanmu, wanda kowa ya sani da Zalɓe. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Safar, a hannuna, a kan buzun da muka saba zama ni da shi, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saboda baƙon da wannan sanarwa za ta iske bai san mamacin ba, abin zana da'ira ne na tagulla, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Ƙafafu biyu gare shi, an haɗa su a ka da 'yar ƙusa. Ɗaya tsini ce kamar allura, ita ake kafawa a takarda. Ɗayar tana da tsagaggen baki mai riƙe tawada, ita ke kewayawa. Kakata ce ta raɗa masa Zalɓe, don ta ce tsayuwarsa irin ta zalɓe ce a bakin kogin Watari, ƙafa ɗaya a kafe, ba gaggawa.

Ba wanda ya san shekarar haihuwarsa. Kakana ya same shi a Barno wurin wani Balarabe da ya ƙetaro hamada. Da zama ya gagara can, kakana ya yo yamma da iyalinsa, ya bar gado da tukwane da jaki gurgu a baya, amma ya zo da Zalɓe cikin gafakarsa, jikin Alƙur'ani. Ya yi wa kakana aiki har idonsa ya rufe. Ya yi wa mahaifina har aka kai shi makwancinsa. Ni ne na uku.

Ina shaida a gaban Allah da mutane cewa marigayi bai taɓa yi mini ƙarya ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa. Buɗin da na ba shi da safe, shi zan tarar da azahar. Duk alamar izu da kuka gani a Alƙur'anan da suka fita daga zauren nan, duk da'irar da ke tsakiyar allon saukar 'ya'yanku, sawunsa ne. Ba ya ci, ba ya sha, sai ɗigon man shanu a ƙusarsa in rani ya yi tsanani. Ba shi da girman kai. Ya taka takardar da aka kawo daga Masar, ya kuma je aro wurin Ɗanliti baduku ya taka fatar akuya, ya dawo yana warin jima, bai yi ƙorafi ba. Magana ma biyu kawai na san shi da su. In an buɗe shi ya ce ƙiii, a hankali, kamar tsoho zai miƙe. In yana tafiya a takarda ya ce shiii, har ya komo inda ya fara. Matata Kaltumi takan ce daga cikin gida tana gane ranar da aiki ya yi kyau, don ba ta jin tsakina a bayan wannan shiii.

Marigayi ya amsa sunaye da yawa. Larabawan birni suna ce masa bikari. Maƙwabcina Ɗan Iya kuwa, bafatake ne da ya sha kai kanwa da fata kudu, wata shekara ya dangana har Ikko, bakin teku, ya dawo da wani sunan. Ya zauna a zauren nan, ya ɗauki Zalɓe yana juyawa.

"Malam, na ga ɗan'uwansa a hannun wani Banasare," in ji shi. "Kamfas suke ce masa. Amma fa ba sa ƙirga shi ɗaya. In za su ambace shi sai su yi masa jam'i, kamar yadda za ka ce takalma. In kuwa ka ji sun faɗi sunan a tilo, galibi wani abu ne daban, ɗan akwati mai allura da ke nuna wa matuƙan jirgi inda arewa take."

Na ce, "Ɗan Iya, mai kai ɗaya ai mutum ɗaya ne, ko ƙafarsa goma."

Ɗana Kolo yana gefe yana fiƙe alƙalami. A lokacin ya zama saurayi, gemu ya fara tsiro masa. Ya yi dariya har wuƙar ta faɗi, ya ce, "To Baba Ɗan Iya, ke nan in Ɗanliti ya ari ɗaya, biyu zai mayar mana?"

Mun yi shekaru muna wannan gardama ni da Ɗan Iya, ba wanda ya kayar da wani.

Tun da bakina ya kai ga Kolo, ba zan iya ba da tarihin mamaci in tsallake shi ba. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai kuma ya rayu cikin mazan da Allah ya ba mu. Zalɓe ba kowa yake yarda da shi ba. Mai nauyin hannu, sai ya huda masa takarda. Mai rawar hannu, sai ya zubar masa da tawada. Amma ranar da na fara ɗora shi a hannun Kolo, da'irar ta fita ba ka gane inda ta fara. Na duba, na sake dubawa, ban yaba ba, don ba a yabon ɗa a gabansa. Na shiga cikin gida na ce wa uwarsa ta ƙara masa nono a fura.

Da idona ya fara hazo, na gaya masa in an gama girbin gero zan damƙa masa Zalɓe a gaban liman, ya zama nasa, ni in koma karanta abin da ya rubuta. Ba a gama girbin ba. Mahara suka sauko daga arewa da sassafe, suka auka wa masu yankan gero a gonakin bakin Watari. Sun kashe waɗanda suka kashe, suka kora sauran gaba. Da muka isa, malafar Kolo muka tarar a kan kunyar gona, da damin da bai gama ɗaurewa ba. Ba jini a wurin, ba gawa. Daga baya an fanso wasu, wasu sun gudo da ƙafarsu. Kowa muka tambaya, sai ya ce tun a hanya aka raba su. Damina ta zo ta wuce har na daina ƙirgawa.

Tun daga wannan kaka ban ƙara ɗaukar Zalɓe a matsayin nawa ba. Ajiya ce a hannuna. Na daina ba da shi aro, Ɗanliti ya ji haushi, daga baya ya gane. Kullum in na tashi aiki sai na goge shi, na naɗe, na mayar gafaka, don mai shi ya zo ya same shi yadda ya bar shi.

Ciwon ajali ya soma ne bara. Ƙusar kansa ta saki. Sai in kafa shi, ya tashi lafiya, kafin ya kewayo ya buɗe kaɗan, bakin da'ira ya ƙi haɗuwa. A lokacin ina rubuta wa masallacinmu Alƙur'ani, don wanda ake da shi gara ta ci gefensa. Liman Malam Hamisu ya zo duba aiki, ya ga wata alamar izu ta karkace kamar ƙwan da aka taka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya takardar ya yi mini zancen ruwan sama. Allah ya saka masa da alheri.

Na kai mara lafiya wurin Sama'ilu maƙeri. Ya ɗora shi a uwar maƙera, ya bubbuga ƙusar a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya sami sauƙi har ƙarshen damina, ciwo ya dawo. Na saɓa gafaka na taka har birni, wurin maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga shi a hasken rana, ya nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi a gindin ƙafar tawada.

Ya ce, "Malam, tagullar ce ta gaji. In na sa masa wuta zai narke, in na bar shi zai karye. Ka kai shi gida."

Na kawo shi gida. Na rage masa aiki, sai alamar izu kawai, ita ma ɗaya a yini. Ranar Talatar nan na shafa masa mai, na buɗe shi, ya ce ƙiii kamar kullum. Na kafa, na juya. Ya yi rabin hanya, sai na ji ƙas. Ƙafar tsini ta tsaya a takarda, ƙafar tawada ta kwanta a tafin hannuna. Ko ɗigo bai zubar a kan ayar ba.

Kaltumi tana daka a tsakar gida. Na ji taɓarya ta tsaya. Matar da ba ta leƙa zaure da rana, sai ga ta a bakin ƙofa, hannunta duk gari. Ta dubi abin da ke hannuna. Ita ba ta taɓa kiran sunan Kolo ba tun haihuwarsa, saboda kunyar ɗan fari, ranar ma ba ta kira ba.

Ta ce, "Malam, in ya dawo me za ka ba shi?"

 

Marigayi ya rasu ya bar alƙaluman kara da suka tashi a gabansa, da ƙoƙon baƙar tawada da na ja, da wuƙar fiƙe wadda ita ma tsufa ya kama ta, da gafakar da ya kwana a ciki tun daga Barno. Ya bar Alƙur'anin masallaci da sauran izu kaɗan ba alama, da rabin da'ira wadda na rantse ba zan cika ta ba. Ya bar ni, da ido mai hazo. Ya bar Kaltumi. Ya bar magajinsa Kolo, wanda muke ƙirgawa cikin masu rai har sai an zo mana da shaida.

Iyalan mamaci suna godiya ga Sama'ilu, wanda bai jira an roƙe shi ba ya ƙera wani na baƙin ƙarfe ya kawo. Yana da nauyi, yana cizon takarda, kukansa kuma kamar na ƙofar da ta yi tsatsa. Da shi zan ƙarasa aikin masallaci, don Littafin Allah ba ya jiran makokin kowa. Amma ina roƙon jama'a kada a ce mini ya maye gurbi. Muna kuma godiya ga masu shawarar a narka mamaci a yi zobe. Mun ji, ba za mu yi ba.

Game da jana'iza, Liman Malam Hamisu ya ce ba a yi wa tagulla salla, na kuma yarda da shi, haka shari'a take. Ya ce zai zo a matsayin maƙwabci. Za a yi sutura ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin bagaruwar da ke bayan zaure. Kaltumi ta ba da farin saƙi na likkafani, Ɗanliti ya ce shi zai haƙa.

Sai dai masu zuwa su sani, ƙafar tsini kaɗai za a rufe. Ƙafar tawada Kaltumi ta karɓe daga hannuna tun ranar, ta sa mata zare, ta aika aka kira Ɗan Iya, wanda ayarinsu zai tashi arewa ranar Asabar, Damagaram har gaba. Daga bayan zana ta yi masa magana, ina jin ta.

Ta ce, "Ka rataya a wuya, a kan riga, ba a ciki ba. Duk kasuwar da ka shiga, duk rijiyar da kuka sauka, ka bar ta a fili. Ba wanda zai kula da guntun tagulla sai mutum ɗaya. In ka ga wani ya tsaya yana kallo, kada ka wuce."

Ɗan Iya ya karɓa da hannu biyu. Ya rataya a wuya, ya ce "to".

Za a yi zaman makoki a zaurena har sadakar uku, za a raba gumba. Wanda ya zo, ya yi mana ta'aziyyar Zalɓe, za mu amsa. Ina roƙonku don Allah kada wani ya haɗa da ta'aziyyar wani, ko da kyakkyawar niyya, domin zanar da ke tsakanin zaure da cikin gida ba ta da kauri, kuma akwai mai saurare a bayanta. Wanda yake da addu'a, ya yi wa matafiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka riƙe shi kafin mu, ya kyautata tamu in ta zo. Wanda hanya ta yi wa nisa ya iso bayan an watse, kada ya tsaya neman mai buɗe masa. Ya turo ƙyauren zaure kawai. Ba a sa masa sakata.