Yadda Za Ka Ba Kanka Hutu da Biro Mai Kala Huɗu

Kai malamin makaranta, in ka bi matakan nan babu Asabar ɗin da za ta sake kama ka a bakin aiki. Na ga abokin aikina Mwalimu Shikuku ya bi su a ɗakin malamanmu na garin Kakamega, lokacin da karon bijiminsa Tirela ya faɗo daidai da ranar da aka sa malamai duba jarrabawa. Mutumin da ya hana kansa sukari don bijimin ya sha maɗi, a ce za a yi karo ba shi? Ina!

1. Sayi biro mai kala huɗu

Ka saƙala shi a aljihun gaba, kansa a waje. Mutum mai launi ɗaya ba a neman shawararsa.

2. San matsayin kowane launi

Shuɗi na ɗalibai ne, baƙi na cike rajista, ja namu ne na maki. Kore kuwa na shugabar makaranta ne ita kaɗai, Madam Khasiala. Mu ado muke yi da shi. Takardar hutu ko Turancinta ya kai na Ingila, in babu sa hannun kore a ƙasa, ta ƙunshin gyaɗa ce.

3. Koyi sa hannunta

Nan Shikuku ya nuna bajinta. Ya danna kore, ƙas! Ya cika bayan kalanda da kwalin alli, har da takardar da aka naɗo masa fanken mandazi. Kai ma kada ka yi rowar tawada, gwani ba ya awo.

Na leƙa na ce, "Mwalimu, wannan ai ya fi nata kyau."

Ya ce, "Rufa mini asiri, ɗan'uwa. Ranar Asabar a kafaɗa za a ɗauko ni!"

4. Miƙa wa mataimakin Madam takardar hutun kana tafiya

Kada ka tsaya. Ka riƙa danna biron, ƙas-ƙas-ƙas, kamar mai tunanin makomar ilimi. Shikuku ya yi haka ranar Juma'a, ya dawo yana taka rawar isukuti tsakanin tebura har ya zubar wa malamar lissafi shayi.

5. In an kira taron gaggawa, zauna a gaba

Mara laifi ba ya neman kusurwa. Madam ta shigo riƙe da takardar, ta ce, "Ni dai ban san na iya rubutu mai kyau haka ba. Ko Mwalimu Shikuku ya san wanda ya taimake ni?"

Ya dafe ƙirji. "Madam, a tebur na same ta. Wani ne ke son ɓata mini suna."

"Ayya, bawan Allah. To kowa ya kwance bironsa."

Muka kwance, muka baje hanjin a tebur. Jan kowa ya yi ƙasa, koren kowa cike yake taf kamar yau aka sayo. Koren Shikuku kuwa saura ɗan ɗigo a gindi.

"Yoyo yake yi, Madam."

"Aljihunka fa fari tas."

Na so in ji tausayinsa, wallahi, dariya ce ta riga.

6. Karɓi sakamako da mutunci

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta zare sabon jan biro daga jakarta ta miƙa masa, ta ce ba shi da sauran Asabar sai ranar da wannan ya sauko daidai da koren nan. Muka tura masa takardunmu don mu taimaka masa ya yi sauri.

Washegari yana zaune bakin taga yana maki, ganguna na tashi daga filin karo. Can sai ga ayari ya biyo ta ƙofar makaranta da ganye da ihu: Tirela ya kori abokin karonsa har cikin rake! A kafaɗar jama'a kuwa surukinsa Lumumba ne, wanda bai taɓa yanko wa bijimin ko ciyawa ba, yana ɗaga hannu ana kiransa mai Tirela. Shikuku ya danna bironsa, ƙas, ya ba wani yaro sifiri a amsar da take daidai.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da abin da zai same ka, ko aikinka, ko bijiminka. In an tambaye ni, ban san ka ba. Korena yana nan cike, kowa na iya zuwa ya duba.