Wa Ya Sa wa Maikirowef ɗin Baba Wuƙa?

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani nauyin da ya fi baƙin cikin ma, autan gidan tsohon tela, wanda 'yan'uwa ke kira Injiniya duk da cewa malamin tarihi ne, yake sanar da yayye, surukai, jikoki da maƙwabta rasuwar maikirowef ɗin Baba, wato farar na'urar ɗumama abincin nan da ke zaune gefen firij. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Huuum ɗinta take yi ƙasa-ƙasa, faranti na juyawa a cikinta, in ta gama ta ce tin, tin, tin, shi ke nan. Ba ta taɓa tambayar wa ya dafa abinci ba, balle ta ce gishiri ya yi yawa. Aibinta ɗaya ne, takan ƙona gefen kwano ta bar tsakiya da sanyi, kuma a gidanmu wane ne zai iya ɗaga hannu ya ce shi ba shi da nasa?

Waɗanda suka san gidan sun san ba abinci kawai take ɗumamawa ba. Shekara uku da suka wuce Baba ya manta tukunya a kan gas, hayaƙi ya turnuƙe har titi. Washegari Yaya Babba, wadda nas ce kuma ba a ja da ita, ta sa tulun gas a but ɗin motarta, ta ce Baba ma ya shigo su tafi. Baba ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa ya ce sai dai a ɗauke shi da ita. Aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: muddin zai iya ɗumama abincinsa da hannunsa, ba mai raba shi da ɗakinsa, da kekensa, da bencin ƙofar gida inda tsofaffin abokansa ke taruwa su zagi gwamnati. Tun daga ranar, marigayiya ce ke riƙe da Baba a gidansa.

Jinyarta ta ɗauki kamar wata guda, kuma a ƙofa ciwon yake. A jikin murfin akwai wasu ƙugiyoyi biyu na roba da ke shiga rami su ce ƙwas, kuma in ba su shiga ba na'urar ba za ta tashi ba ko za a kwana ana danna ta. To, ƙwas ɗin nan ne ya fara nauyi. Sai Baba ya tura sau biyu, wani lokaci sau uku, kafin fitilar ciki ta mutu faranti ya soma juyawa. Bai kai ƙara wurin kowa ba, don ya san kunnen da ƙarar za ta faɗa.

Ranar Lahadi Injiniya ya kawo abincin sati da matarsa ke dafa wa Baba. Ya tarar da tsohon yana barcin rana, ya jera robobi a firij, ya gwada ƙofar marigayiya, ya ji ta a cije. Kai, da a nan ya tsaya! Amma ina, mutumin da tun yana ƙarami yake kwance rediyon gida ya mayar, ƙusoshi biyu su rage a hannunsa. Ya ciro waya ya nemo bidiyon wani mai gyara, na minti tara. Ya kalli minti biyu ya ce ya gane.

Sukudireba babu a gidan, sai ya ɗauko wuƙar yanka albasa. Ya soka bakinta a bayan robar da ta zagaye ƙofar ta ciki, ya banƙara. Wani ɗan sifirin na murɗaɗɗen ƙarfe ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firij. Ya ƙara banƙarawa, sai ya ji ƙas. Ƙugiyar sama ta tsage daga gindi, ta tsaya tana lilo. Gumi ya keto masa. Ya leƙa ɗaki, Baba na nan yana minshari. Ya lalubo gam a aljihun keken ɗinki, ya shafa, ya hura da baki, ya mayar da ƙofar a hankali kamar mai kwantar da jariri. Sannan ya wanke wuƙar ya mayar da ita cikin cokula, ya tafi ba sallama.

Litinin da hantsi, yana tsakiyar aji, Baba ya kira shi.

"Auta, na karya ta," in ji Baba. "Wallahi ja kawai na yi, abin ya faɗo a tafin hannuna." Sannan ya ƙara da cewa, "Shekara arba'in ina zura zare a allura ba tabarau. Yau ƙofa ce ta gagare ni."

Mai wannan sanarwa zai so a ce nan take ya faɗi gaskiya. Bai faɗa ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ai sai ka riƙa bi a hankali, Baba." Kwana biyar ke nan maganar nan na ci masa rai, kuma ya san ya cancanta.

Shi kaɗai ya kai gawar wurin mai gyaran kayan lantarki. Mutumin ya haska ramin ƙugiyar da tocila, ya sa tsinke ya zaƙulo wani busasshen maiƙo da ya taru a ciki, ya nuna masa.

"Ka ga ciwonta ke nan, Malam. Tsumma da ruwan ɗumi, da ta warke." Sai ya juya ƙofar, ya bi sawun da ke jikin robar da yatsa. "To, wa ya sa mata wuƙa?"

"Tsoho ne ke amfani da ita," in ji Injiniya.

"Tsoho? Haba dai. Wannan aikin ƙato ne mai jini a jika."

Ya ce an daina yin ƙugiya irin tata tuntuni, kuma na'urar da ƙofarta ba ta rufuwa ba a wasa da ita, kada wani ya yi dabarar cusa mata ashana. A nan aka tabbatar da rasuwarta.

Ranar Laraba 'yan'uwa suka taru a falon Baba. Yaya Babba ta shigo da shirin faɗa, har ta tanadi hujjoji, amma ba ta sami abokin yi ba. Injiniya ya yi wuf ya ce zai sayo sabuwa gobe-goben nan. Baba ya kalli hannuwansa a kan gwiwa ya ce, "Sabuwar ma wannan hannun ne zai taɓa ta. Ku zo ran Asabar ku kwashe ni." Yaya ta fashe da kuka, ita da ta shekara uku tana neman wannan rana. Injiniya kuwa ya sunkuyar da kai yana ƙirga tayil, ana ta yaba masa cewa shi ya fi kowa tausayin Baba.

Marigayiya ta rasu ta bar farantin gilashi guda, lafiyarsa ƙalau, da robobin abinci shida a firij da ba a taɓa ba, da ɗan sifirin da har yanzu yake ƙarƙashin firij ɗin. Ta bar tsoho ɗaya da ya yarda da abin da ba gaskiya ba a kan kansa. Ta kuma bar wanda ya kashe ta, mai shekara arba'in da huɗu da 'ya'ya uku, wanda kullum yake gaya wa ɗalibai cewa tarihi ba ya yafe wa mai ɓoye gaskiya.

Za a kai ta makwancinta gobe Asabar da ƙarfe tara na safe, wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tasha. Motar da aka kira ta kwashe kayan Baba ƙarfe goma za ta zo. Ana roƙon Yaya, don girman Allah, ta ce wa direban ya dakata, domin kafin a ɗaga gawar Injiniya zai durƙusa a gaban Baba ya karanta masa wannan takarda da bakinsa, daga farko har ƙarshe. Abin da Baba ya yanke bayan nan, shi ke nan.

Ba a buƙatar kowa ya yi wa mai sanarwa ta'aziyya. Roƙo ɗaya ne ga masu zuwa. Tun ranar Litinin, in an kawo wa Baba shayi, sai ya ce a riƙe masa kofin kada ya zubar. Duk wanda ya ce wa haka, don Allah kada ya riƙe. Ya miƙa masa abinsa. Hannun Baba lafiyarsa lau.