Makunnin da ke Bayan Inna

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na yi a falon surukata a Goronyo ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

Marigayi surukina ma'aikacin noman rani ne. Ya rasu ya bar wata tsohuwar kwamfuta, irin mai nauyin buhun albasa, kuma duk hotunansa suna cikinta. Inna, uwar matata, yanar ido ta fara rufe mata gani, burinta kawai ta ga fuskar mijinta tun tana iya gani. Ni kuwa a Rabah “Injiniya” ake ce mini (kwas ɗin gyaran kwamfuta na 'yan watanni ne na yi a Sakkwato, amma ban taɓa gyara wa kowa sunan ba). Matata ba ta daɗe da haihuwa ba, don haka ni kaɗai na tafi.

Allon kwamfutar ya daɗe da ƙonewa, sai na biya Wurno na aro wani tsoho mai ƙaton ƙeya. Aka tada janareta. Na haɗa allon da kwamfutar da wayar nan mai shuɗin kai, na sa filogin kwamfuta a soket ɗin kusa da ni, na allo kuma a na bango can gefe. Sannan Inna ta shigo, na durƙusa na gaishe ta kaina a ƙasa, ta zauna a tabarma ta jingina da bango.

Na kunna. Kwamfuta ta yi gurnani, allo kuwa baƙi ƙirin.

Ban daɗe ba na gano matsalar. Inna ta jingina daidai kan makunnin soket ɗin allo, ta kashe shi da bayanta. To, ka faɗa mini, da wane baki zan ce wa surukata ta matsa? Ko in miƙa hannu ta bayanta? Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Sai na ce bari in ja lokaci har ta tashi salla. Na ɗauko sukuddireba na buɗe kwamfutar da lafiyarta lau. Na zare katin da ke sarrafa faifan ajiya, wato faifan da hotunan ke ciki, na hure shi, na mayar. Na cire wayar faifan mai faɗi, na ƙura mata ido ina girgiza kai kamar likita. Azahar ta yi, ashe Inna saboda ciwon gwiwa a zaune take salla, a nan inda take, da alwalarta.

Yaya Asabe, yayar matata, tana ta leƙowa daga madafi. “Injiniya, mi ya hwaru?”

“Katin ne ke gardama,” na ce. (Za ka ce me ya hana in raɗa mata gaskiya? Ni ma na yi wannan tunanin, amma a mota, a hanyar komawa gida.)

Na cire, na mayar, na sake cirewa, zufa na ɗiga cikin injin. Can la'asar, hannuna ya gaji, na tura wayar a karkace. Na ji ƙusoshin bayan faifan sun lanƙwashe, ɗaya ya karye. Jim kaɗan man janareta ya ƙare, falon ya yi tsit.

Inna dama ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta juya wajen 'yarta. “Asabe, ce mai shi huta hakanan. Tun sa'adda nij jingina na ji abin ga ya yi ƙas a bayana. Kunya ta tah hana ni motsi, kada shi ce na ɓata mai aiki.”

Ashe yini guda mu biyu muna gadin makunni ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Faifan sai da na kai shi Sakkwato, ya sha zama wajen mai gyara har bayan damina kafin a ciro hotunan. Na wanke su manya na kai mata. Inna ta kawo ɗaya dab da fuskarta, ta daɗe tana juya shi wajen hasken ƙofa.

“Hulatai ta dai,” ta ce wa Asabe. “Hular na gane.”

Har yau ina jin kunyar surukaina, ban fasa ba. Amma duk gidan da aka kira ni gyara, kafin in gaishe da kowa sai na duba wanda ke zaune kusa da soket.