Ranar da na kai ƙarar Faransa gun Bafaranshe

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗar nan ba, kuma tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin ni ne. Aji uku na yi a elementare, amma a ƙauyenmu na ƙasar Doguwa ni ne masanin duniya, don ni kaɗai ke iya karanta jarida (rabi karatu, rabi cikawa da ka).

Ana gab da samun mulkin kai sai na karanta cewa Faransa za ta fasa wani mugun bam a Sahara, gwamnatinmu kuma ta roƙi Ingila ta kai mata kuka gaban majalisar duniya. Ni kuwa na ɗauka majalisar nan kamar zauren alƙali take: ba shaidu, ba shari'a. Na rubuta takarda mai zafi, na kira Faransawa azzalumai, na bi manoma gida gida suna dangwala yatsa. Dagacinmu bai sani ba. A zamanin nan kuwa, tara dangwale ba izini aikin 'yan adawa ne, ƙarshensa gidan yari.

Ran kasuwar Kwanar Dangora na hango Bature a gindin sikeli, da hular kwano. Na ce to, ga Di'o, Baturen mulkin Ingila, Allah ya kawo. Na zube.

"Ranka ya daɗe, ga shaidunmu. A kai Ingila."

Ya karanta a tsanake, da Hausarsa ta Damagaram. Ya ɗago.

"Malam, ka san ko ni wane ne?"

"Di'o, ranka ya daɗe."

"Ni ke sayen gyaɗarku. Bafaranshe ne ni."

Jama'a, sai na waiga. Ga gyaɗar garinmu jibge a bayana tana jiran awo, ga yatsun masu ita a hannun azzalumin da na zaga. Sai na hango gyaɗa ta koma gida, ni kuma na tafi Kano a ɗaure.

Mutumin nan sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ingilar da kuka aika, ƙawarmu ce. Di'on naka ma jiya tare muka ci abinci. Kuna zaton zai kai ƙarar wanda ya ci tuwonsa?" Ya ninke takardar, ya cusa mini a aljihu, ya ce a ɗora buhu a sikeli.

Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar sikeli kamar ta ran nan ba.

A hanyar gida, da na ga kaina ya tsira, sai bakina ya dawo. Na fara yi wa mutane bayani cewa siyasar duniya sai mai ilimi, manya a can sama duk bakinsu ɗaya. Baba Liman, da ke tafe kan jakinsa, bai ko waiwayo ba.

"Malam na boko, Turawa biyu ka kasa bambancewa da rana tsaka. Kai ne za ka yi musu shari'a?"