Walimar da Na Yi wa Kyanwoyin Bur Sudan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikata a Bur Sudan. Ko na so in manta, kyanwoyin unguwar ba za su bar ni ba.

Ni mutuniyar kogi ce. A wani ƙauye kusa da Abu Hujar aka haife ni, can na yi aure, can aka binne Malam maigidana, Allah ya haskaka kabarinsa. Ban san ko alif a takarda ba, amma in dai kifi ne, ban yarda an haifi macen da za ta koya mini ba. (Mai rubuta mini, ki rubuta wannan alfaharin da kyau, shi ne ya kai ni ya baro.)

Malam bai daɗe da rasuwa ba autata Rabi ta haihu. Tana aure a Bur Sudan, gida ɗaya da uwar mijinta, Hajja Nafisa. Su ma Hausawa ne, kakanninsu sun taso aikin Hajji suka ya da zango a bakin teku, zangon ya zama gida. Na ɗaure tsarabata, ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa, na hau mota ina kuka, don ban taɓa yin tafiya babu Malam ba.

Garin ya ba ni mamaki. Ga ruwa iya ganinka, amma na sha sai an saya a wurin masu jakuna. Da la'asar kowa ya nufi bakin teku, a shimfiɗa tabarma, a sha gahawa da citta, ana kallon jiragen ruwa. Na kuma lura Rabi a takure take a gidan. In ta yi girki, sai Hajja ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi, ga 'yar ƙauye." Da murmushi take faɗa, amma ni na haifi Rabi, na san inda yake sukar ta.

Ranar suna aka yanka rago, sai dai abin da Hajja ta cika unguwa da labarinsa shi ne kayan teku da ƙanenta Usman masunci zai kawo, don manyan baƙinsu. Da hantsi kwando ya iso da ƙanƙara a kai. Na ce ga ranar da zan ɗaga wa 'yata kai. Na karɓe shi, na ce kowa ta je ta yi wani aikin, na ja shi bayan gida ni kaɗai.

Kifin sama manya ne, jajaye, masu kyau. Da na kwashe su sai na tarar da rabin kwandon wasu ƙwari ne. Ga gashin baki zaƙo-zaƙo, ga ƙafafu ba iyaka, ga baya a lanƙwashe kamar kunama. A wurinmu in an jawo taru, kifi gefe ɗaya, kwaɗi da ƙaguwa da ciyawa a watsar a gaɓa. Na ce wannan Usman ko tsince kamunsa bai iya ba. Na kai su bayan katanga na juye. (Ni da nake cin fara da yaji har in lashe yatsa, wai ni ce mai ƙyamar ƙwaro.) Kafin in juya, kyanwoyi sun taho ta ko'ina, kamar an yi musu shela.

Da na yi shiru ma da sauƙi. Sai na shigo tsakar gida, mata sun cika, na ɗaga murya na ce, "Hajja, ki ja wa ƙanenki kunne. Rabin kwandon nan datti ne. Amma kada ki damu, na tsince, na zubar wa kyanwoyi."

Hajja ta ajiye ludayi a hankali. Ta ce, "Wane irin datti?"

Na kwatanta mata, har da gashin bakin, da yatsuna.

Wata ta leƙa bayan katanga ta dawo riƙe da baki. A nan na ji sunan abin, jambari, kuma wai ya fi kifin daraja nesa ba kusa ba, shi aka yi wa baƙi alkawari. Wata tsohuwa ta ce, "Mutanen kogi ke nan," dariya ta ɓarke. Na hango Rabi a bakin ƙofar ɗaki da jaririya a hannu, ta sunkuyar da kai. Ni gobe zan iya hawa mota in tafi. Ita kuwa a gidan nan za ta tsufa, ana kiran ta 'yar wadda ta ciyar da kyanwoyi.

Na koma bayan gida na zauna gaban kifin na yi kuka. Na ce, Malam, ka ga abin da tafiyarka ta jawo mini. Ina ambaton sa sai na tuna. Malam mai agashe ne, wato tsiren ƙasarmu, duk ranar kasuwa a Abu Hujar layi ake yi a gaban wutarsa, kuma tun ina amarya ni ke daka masa yajin. Tun da ya rasu ban sake dakawa ba, don ƙamshin kaɗai yana tuna mini da shi. Na share fuska na tashi.

Na ari turmi. Na zazzage ƙuli-ƙulin tsarabata, na haɗa da citta, masoro, kanumfari, barkono da gishiri. Na feɗe kifin fale-fale yadda Malam ke yi wa nama, na shafa mai, na birkiɗa shi cikin yajin, na tsire. Na hura gawayi na kafa tsinkunan kewaye da wutar, ba a kanta ba, don Malam kan ce wuta maƙwabciya ce, ba a zama a cinyarta. Ina juyawa hawaye na zuba, matan suka ɗauka hayaƙi ne. Wadda ta ce mutanen kogi ita ta fara zuwa, wai ta zo ganin ko ina son ruwa.

Aka fitar wa maza tire na farko a rumfar da aka kafa a titi. Ya dawo kamar an wanke. Na biyu ma haka. Can sai ga Usman a bakin zaure yana tambayar wace ce ta taɓa kifinsa. Na ce yau kashina ya bushe. Sai ya ce tun yana yaro yake kama kifin nan, bai san haka yake da daɗi ba, kuma baƙi na cewa a ƙaro.

Hajja Nafisa ta zo ta tsaya a kaina, ta ɗauki tsinke ɗaya ta ci, ta ƙara. Sannan ta ce, "Rabi ta iya wannan?"

Na ce, "A gindin turmin nan ta girma."

Ta juya ta ce wa matan, "To kun ji. Surukata 'yar gidan agashe ce."

Rabi ta ɗago kai. Wannan kallon da ta yi mini, da Malam ya gani.

Ƙarshe dai ban koma ƙauye ba, na zauna wurin Rabi. Yanzu duk wani biki a unguwar, ni da Rabi ake aiko wa, kuma ina dakawa ina yi wa Malam addu'a. Jambarin ma na ci daga baya. Fara ce, kawai ta iya iyo.

Na dai koyi cewa a garin da ba naka ba, ka tambaya kafin ka zubar, in kuma ka riga ka zubar, kada ka yi shela. Kyanwoyin kuwa har yau in na fito sai su biyo ni a jere har bakin teku. Usman ya ce a duk Bur Sudan babu mai jama'a kamar ni.