Jirgi Ɗaya, Makulli Uku

A tsibirinmu ana cewa Iya Zalhata ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. Wasu su ce girman kai ne, matan da suke shanyar kanumfari tare da ita su ce haka Allah ya yi ta. To jiya na ji ta tana roƙon a kai ta asibiti, bayan ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce.

Asibiti yana babban tsibiri. Jirgin ruwan ƙungiyar ƙauyukanmu uku kuwa yana ɗaure da sarƙa, an garƙame shi da kwaɗo har uku. Ai mu mun waye, shugabanni uku gare mu, kowa da sulusin mulki da makullinsa.

Mai Girma Sulusin Farko ya iso da wuri, Allah ya saka masa. Ya buɗe nasa, ya yi mana jawabi kan haɗin kai. Sulusi na Biyu yana wajen biki a ƙauyensu, makulli a aljihu, ya aiko a ce yana yi mata addu'a. Na Uku ya zo, amma ya ce wannan watan shi ke kan kujera, mai kujera kuwa shi ke buɗewa a ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, buɗe mana, in ya so mu ba da labari cewa kai ne na ƙarshe," in ji Jumwa masunci.

"So kake in ɓata tsari?"

"Tsari lafiyarsa ƙalau. Iya ce a kwance."

Da can shugaba ɗaya ne. Ya mayar da jirgin na kai surukansa kasuwa, aka taru aka sauke shi, aka raba kujerar uku kada wani ƙauye ya yi ƙorafi. Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, shekarata hamsin, hannuna na ƙaiƙayin rubutu, sai aka miƙo mini biro in rubuta yarjejeniyar. Zancen makulli uku ba wanda ya kawo shi. Ni na ƙara, don shafin ya cika. Da aka karanta, kowane ƙauye ya ɗauka shawarar ɗan'uwansa ce. Shekara tara ina jin ana tsine wa mai shawarar, ina gyaɗa kai.

Bayan azahar Jumwa ya turo kwalekwalensa. Tafiyar awa huɗu ke nan igiyar ruwa na jijjiga ta, maimakon awa ɗaya.

Muna ɗaga ta, ta cije leɓe ta ce, "In na cika a hanya, ku jira su ukun su hallara kafin ku binne ni. Wai ni kam, wane marar aikin yi ne ya ƙirƙiro makullan nan?"

Ruwa na dukan gwiwata, ina riƙe da gefen tabarmarta.

"Ni ne, Iya," na ce, yadda har Mai Girma zai ji. "Don Allah ki yafe mini."