Guɗar da na yi a bakin boda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a bakin bodar Jibiya ba, ni da ko a gidan biki sai an roƙe ni nake buɗe baki.

Yayata Rabi a Maraɗi take aure, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da korona ta zo aka garƙame boda, zumuncinmu ya koma na waya. Ana cikin haka na haihu da ƙyar, jinina ya hau, likita ya ce kada a tayar min da hankali. Tun daga nan in na kira ta, mijinta Malam Sani ke ɗauka. Yau ta shiga maƙwabta, gobe tana barci. Har fushi na yi da ita na daina kira (kun ji mai wayo).

Da aka buɗe hanya, maigidana ya ce Malam Sani na tafe, in jira a gida. Ina! Na ci kwalliya, na jefar da takunkumi, na goya jaririyata na tare ɗan acaba.

Bakin boda ya cika maƙil, masu lodi na ta shewa, mutane na gaisawa hannu da hannu ba tsoro. Can na hango Malam Sani zaune a kujerar gaban wata mota, ga jan akwatin Yaya ɗaure a sama. Sai kawai na saki guɗa. Direbobi suka taya ni da hon, wata mai fura ta karɓa. Na bi tagogi ina leƙawa ina cewa, "Fito mana, sarauniyar barci!"

Dattawa biyu suka sauko tare da shi, kowa kansa a ƙasa. Nan aka haife ni, na san abin da ke sa dattawa su rako mutum da akwatin matarsa babu matar. Amma bakina ya riga hankalina, na ƙara wata guɗar.

Malam Sani ya ce, "Hajara, ki yi hanƙuri. Tun kina asibiti Allah Ya yi mata rasuwa. Irin wagga magana ba a hwaɗinta ta waya, shi ya sa munka jira hanya."

Mai furar ba ta ji ba, tana ta guɗarta sai da wani ya daka mata tsawa. Ni kuwa na durƙushe cikin sabon leshina, kunya da baƙin ciki na kokawa a ƙirjina.

Yanzu kowa na cewa komai ya dawo daidai, ni ma ina cewa alhamdulillahi. Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba: in mota ta tsaya, in bari kowa ya sauka kafin in buɗe baki. Bakin ya koya. Idona ne har yau in aka ce ga motar Maraɗi sai ya duba kujerar baya.